INA RABON ƊAN ƘAFUR A AIKIN KWAMFUTA?

Iyayenmu maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu na ƙasar Ƙafur, tun daga Masari har Gozaki, daga Mahuta zuwa Ɗankanjiba da Sabuwar Ƙasa da Dutsen Kura, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali ko a zaure, kuma ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji, gama maganar ta shafe su.

Jama'a, ana wani rabo a ƙasar nan, ba a kuwa kira ku ba. Rabon na aiki ne, watau aikin kwamfuta da waya da intanet, wanda a yau abin da yake ƙara wa arzikin Nijeriya ya zarce na ɗanyen man fetur. Wayar nan da ke aljihunka, Baba, wadda ta shigo ƙasar nan a 2001, bayanta akwai dubban ma'aikata masu cin albashi. Akwai mai rubuta manhajar da ke tafiyar da ita, akwai mai shimfiɗa wayar intanet a ƙarƙashin ƙasa, akwai mai hawa turken sabis ya gyara, akwai mai gadin asusun banki don kada ɓarayin intanet su kwashe, akwai mai tattara lissafin kamfani ya faɗa masa inda riba take. Duk lokacin da ka sa kati, da kuɗinka ake biyan su. To, a cikinsu nawa ne 'ya'yanmu?

Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Manomi ya kai masararsa kasuwar Bakori ko ta Funtuwa, an saya, an ce masa babu tsaba sai taransifa. Ya koma gindin laimar mai POS ya yi layi tun hantsi, kana a yanki wani abu daga cikin guminsa kafin a miƙa masa sauran. Yaron da ke ƙarƙashin laimar namu ne, shi ke shan rana, shi ke shan zagi in sabis ya ɗauke, shi ɓarayi ke bi da dare. Amma na'urar da ke hannunsa ta kamfani ce, irin su Moniepoint da OPay, kuma a kowace hulɗa akwai ɗan abin da ke gangarawa Legas. A 2024 an ƙiyasta darajar Moniepoint ta haura dala biliyan 1. Kafin nan, a 2020, wani kamfanin Amurka mai suna Stripe ya sayi Paystack, wanda samari biyu 'yan Nijeriya suka kafa, a kan kuɗi fiye da dala miliyan 200. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na jin haushin samarin nan ko kaɗan, sun yi karatu, Allah ya ba su. Haushina yana kan waɗanda suka hana namu irin wannan karatu.

WANNAN BA SHI NE KARO NA FARKO BA

Ku tambayi dattawanmu labarin auduga. Tun kafin 1930 jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa, Turawa suka kakkafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Kakanninmu ne suka yi sassabe, suka yi huɗa, suka tsinci kaɗa da yatsunsu, amma ranar kasuwa malamin auduga mai alƙalami shi ke duba sikeli, shi ke cewa wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba uku. Abin da ya rubuta shi ke nan. Me ya fi kakanmu da shi? 'Yan shekarun da ya yi a elemantare.

A 1975 aka zo da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da ƙasar Malumfashi, watau har da mu. An kawo taki da sabon iri da hanyoyin karkara, ba mu musu. Amma manyan ofisoshi ƙwararru daga ƙetare aka ba, aikin malamin gona da na akawu da na sito ya tafi ga mai takarda, talaka kuwa ya samu lebura. A 1976 aka buɗe UPE, gidajen da suka saki 'ya'yansu a lokacin su ne yau ke da daraktoci da likitoci. Kowane zamani da alƙalaminsa, na wannan zamani kuwa kwamfuta ce. In muka bari wannan rabo ya wuce mu, sai jikokinmu su sake shekara hamsin suna riƙe wa wani laima.

MIKIYA A SAMA, YUNWA A ƘASA

Masu mulki za su ce muku ai ba su yi barci ba. A 2019 an ƙara wa ma'aikatar sadarwa suna, ta zama har da tattalin arzikin zamani. A 2022 an sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha. A 2023 aka ƙaddamar da shirin da ake kira 3MTT, aka ce za a horar da mutum miliyan 3, aka fara da 30,000. Madalla. Ni malamin makaranta ne kafin in shiga aikin jam'iyya, sai ku bar ni in yi muku lissafi a ƙasa. Ƙananan hukumomin Nijeriya 774 ne. In an raba miliyan 3 daidai wa daida, Ƙafur za ta tashi da mutum kusan 3,900. Ko rukunin farko kaɗai aka raba, muna da kusan 39. Yanzu mai karatu ya ɗan dakata, masu sauraro su ƙidaya da yatsu: a garinku mutum nawa kuka sani da ya shiga, ya gama, ya samu aiki?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Takardar neman shiga a intanet ake cika ta, yawancin darasin ma ta intanet ake bi. Sai kana da kwamfuta ko babbar waya, sai kana da wutar caji, sai kana da sabis, sai kana da kuɗin data. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta yarje wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. A watan Oktoban 2024 galibin Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, mu kuwa a ƙauye ba mu ma ga bambanci ba, don mun saba. A watan Satumban 2021 aka yanke sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da maƙwabtanmu Funtuwa da Malumfashi da Bakori, aka yi watanni mutum sai ya yi tafiya kafin ya gaisa da ɗan'uwansa. An ce don tsaro ne. To, mun ji. Amma wane kamfani ne zai ɗauki ma'aikaci a wurin da ake iya kashe masa hanyar aiki dare ɗaya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na makaranta. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta kaɗai ake yin ta. A makarantar da na koyar akwai darasin kwamfuta a jadawali, akwai jarrabawarsa ƙarshen zango, kwamfutar ce dai babu. Da alli ake zana ta a allo, a ce wa yara wannan shi ne madannai, wannan shi ne allon kallo, su kwafa a littafi su haddace kamar karatun aku. Yaro mai kaifin kai, wanda ke iya lissafin buhu da tiya da mudu a ka ba tare da takarda ba, ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsa zai taɓa na'urar, kuma an zaunar da shi gasa da ɗan da ya tashi da ita a ɗakin uwarsa. In ya faɗi a ce 'yan ƙauye ba su da ƙwaƙwalwa. Haba jama'a! Ƙasar da ta haifi Alhaji Aminu Bello Masari, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai ta Tarayya daga 2003 zuwa 2007, ya kuma yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, ita za a ce ba ta haihuwar masu kai?

KADA A RUƊE KU DA HORON SATI BIYU

Yanzu da zaɓe ya ƙarato za ku ga abin da aka saba. Za a tara samari a wani ɗakin taro, a kira abin horon fasahar zamani, a yi kwana goma, a raba takardar shaida mai ado da 'yan kuɗin mota, a ɗauki hoto. Wataƙila a ba mutum biyar kwamfuta, su ma 'ya'yan masu unguwar siyasa, washegari ka gan ta a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Tusa ba ta hura wuta.

Ku san irin mutumin da kamfanonin nan ke nema. Akwai kamfanin Andela da aka kafa a 2014, wanda ya yi suna wajen ɗaukar samari a Legas ya koya musu rubuta manhaja. A 2019 ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, ya ce masu ba shi kwangila ƙwararru suke so. Daga 2022 kuma aka samu na'urori masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke yin ƙananan ayyukan da a da ake ba ɗan koyo. A ɗaya gefen, ƙwararrun da ƙasar nan ta samu suna ta ficewa Ingila da Kanada da Amurka, bankuna da kamfanoni na kukan rashin hannu. Watau ƙofa a buɗe take ga wanda ya iya da gaske, ta kuma fara rufewa ga mai rabin sani. Iyawa da gaske kuwa tushenta firamare ne: yaro ya iya karatu ya fahimta, ya iya Turanci gwargwado, ya iya lissafi. Ajin da yara suka cika maƙil a kan dandamali, malami ɗaya tal, shi ma rabin hankalinsa na wajen bashin mai shago, ba zai fitar da injiniya ba ko an jibge masa kwamfuta ɗari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san abin da wasu iyayenmu ke faɗi, cewa waya ce ta lalata yara, daga kallon banza sai damfara. Gaskiya ne akwai wannan. Amma Baba, wayar ta riga ta shiga hannunsa, ba kuwa za ta fita ba. Abin da ya rage shi ne ko ta ci kuɗinsa ko ta kawo masa. Wasu kuma za su ce mu damuwarmu tsaro da taki, kwamfuta ta jira. Ku tuna tun 2012 aka fara raba takin gwamnati ta saƙon waya, yau kuwa ba tallafi ba rance sai da lambar NIN da BVN. Wanda ke zaune gaban na'ura yana shigar da sunaye, shi ne sabon malamin auduga, in ba naka ba ne sunanka na iya ɓata ba ka san inda za ka kai kuka ba. Saurayin da ke da sana'a a hannu kuma, da wuya wani ya ja shi daji da 'yan kuɗi kaɗan.

Ba kuma sai kowa ya tafi Legas ba. Asibitocinmu da ofisoshin ƙaramar hukuma na bukatar masu adana bayanai. Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024, lissafin kayanta a kwamfuta ne. Ana neman masu haɗa sola da masu gyaran waya a kowace kasuwa. Har harshenmu ya zama abin nema, gama masu ƙera na'urorin nan suna son su koya musu Hausa, sai kuwa da Bahaushe. Iyayenmu mata, ku saurara da kyau: wannan aiki ne da 'yarku za ta iya yi tana ɗakin mijinta, ba talla, ba tasha, in dai an bar ta ta gama makaranta.

ABIN DA MUKA TSAYA A KAI

Jam'iyyarmu ba ta yi muku alkawarin kowa zai zama attajiri ba. Abin da 'yan takararmu suka ɗauka, kuma muna so ku riƙe su da shi, shi ne kowace sakandaren gwamnati a ƙasar Ƙafur, ta maza da ta mata, ta samu ɗakin kwamfuta mai aiki da sola, da malamin da ya iya abin da hannunsa, a kuma buɗe ɗakin da yamma don samarin gari da matan aure. A ɗauki malaman firamare bisa jarrabawa, a biya su kan lokaci. Wanda muka tura Abuja ya tsaya a kan ƙauyukan da ba su da sabis har a kafa musu turke, kuma duk wani shirin horo na tarayya a liƙa sunayen 'yan Ƙafur da suka samu, mazaɓa mazaɓa, a bangon sakatariya inda kowa zai gani. Kada a ce babu kuɗi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ku tambaya nawa ke shigowa da sunan Ƙafur kowane wata, ina kuma yake tafiya.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku, namu ko na wani, da atamfa ko taliya ko sabulu, ku yi masa tambaya ɗaya a gaban jama'a: a wace makaranta 'ya'yanka suke, kuma akwai kwamfuta a can? Ku dubi fuskarsa lokacin da yake ba da amsa.

Ranar zaɓe ma na'ura ce za ta tare ku a bakin akwati, watau BVAS, mai duba yatsa da fuska, kuma da ita ake ɗaukar hoton takardar sakamako a aika. Saboda haka kowa ya nemo katinsa tun yanzu ya adana. Kowace rumfa ta fitar da samari biyu da mace ɗaya masu iya karatu da riƙe waya, su ba da sunansu ga shugaban jam'iyya na mazaɓa. Kada su bar wurin sai an ƙidaya ƙuri'a a bainar jama'a, an rubuta, wakilai sun sa hannu, an liƙa a bango, su ma sun ɗauki hotonsu.