Maɓallin da tsohuwa ke ratayawa a wuya

 A wannan wata zan ɗan kai ku nesa da gida, can ƙasar Birtaniya, saboda wata magana da ƙanwata mai aikin kula da tsofaffi a can ta yi mini a waya. Na ga bai kamata in riƙe ta ni kaɗai ba, tunda wasunku na da iyaye ko dangi a ƙasar.

'Yar uwa, a can ba abin mamaki ba ne ki tarar da tsohuwa mai shekara 80 tana zaune ita kaɗai a gida. Don haka suka ƙirƙiro wani ɗan maɓalli da ake rataya mata a wuya kamar laya, ko a ɗaura a hannu kamar agogo. Idan santsi ya kwashe ta a banɗaki, ko ta ji ƙirjinta ya riƙe, sai ta danna. Nan take wani akwati da ke jone da wayar tarho ta gidan zai kira wata cibiya inda ma'aikata ke zaune dare da rana. Su yi mata magana, su kira 'ya'yanta, maƙwabci ko motar asibiti. Mutum kusan miliyan 2 ne suka dogara da wannan na'ura a ƙasar.

To ina matsalar take? Tsohon layin tarho na wayar tagulla, irin wanda muka sani a gidajen manya kafin zuwan wayar salula a 2001, shi kamfanonin sadarwar ƙasar suka yanke shawarar rufewa, a mayar da kiran waya kan intanet. Da farko an sa ƙarshen 2025, amma a 2024 kamfanin BT ya ɗage wa'adin zuwa ƙarshen Janairun 2027. Shi kuwa tsohon akwatin da ƙara yake magana, wato 'yan sautuka irin waɗanda kike ji in kina danna lambobin waya. A sabon layi sautukan kan gurɓace a hanya, sai cibiyar ta kasa gane wanda ya kira, ko kiran ma ya ƙi shiga.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun wuta. Tsohon layi yana zuwa da wutarsa daga ofishin tarho, ko an ɗauke lantarki waya na aiki. Sabon kuwa da wutar gida yake rayuwa. Tana ɗaukewa, shi ke nan. Mu da muka saba da duhu mun san inda fitila take, amma ki kwatanta baiwar Allah kwance a ƙasa cikin sanyin hunturu, tana danna maɓalli, zuciyarta a kwance cewa an ji ta, alhali ba wanda ya ji. Wallahi da na tuna wannan sai da jikina ya yi sanyi. Gara ma a ce ba ta da na'urar, da ta ƙwala wa maƙwabta kira.

Ba tatsuniya ba ce. A Disambar 2023, bayan an sami munanan aukuwa irin wannan, gwamnati ta sa manyan kamfanonin suka sa hannu a kan alkawarin cewa ba za su sauya wa mai irin wannan na'ura layi ba sai sun tabbatar za ta yi aiki. Hukumar Ofcom kuma ta wajabta musu samar wa wanda ya dogara da wayar gida hanyar kiran agaji ta aƙalla awa 1 idan wuta ta ɗauke. Awa ɗaya dai, ni a ganina, ta yi kaɗan.

Sabbin akwatunan na da nasu alheri. Da yawansu na ɗauke da layin salula da batir, kuma suna aika wa cibiyar alama akai-akai cewa suna aiki, ta yadda in sun yi shiru za a bincika. Sai dai inda sabis ke da rauni, su ma sai a hankali.

Don haka uwargida, idan kina da Hajiya ko Baba a can, ko maƙwabciyar ɗiyarki ce ma ba musulma ba, haƙƙin maƙwabtaka bai bar ta ba. Ki sa a sanar da kamfanin wayar cewa akwai wannan na'ura a gidan kafin a taɓa layin. A kira masu na'urar, ko ƙaramar hukumar da ta bayar, a tambaya ko tsohon samfuri ce. A tambayi awa nawa batirin ke ɗauka. A yi hattara da 'yan damfara masu bugo waya suna neman lambar banki da sunan sauya layi. Ranar da aka gama aikin kuma, kada ma'aikacin ya fita sai tsohuwar ta danna maɓallin da hannunta, an ji murya ta amsa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.