RA'AYI: Shafin intanet ɗakin ƙasa ne, sai da yaɓe kowace shekara

Duk wanda ya tashi a Kornaka, ko wani gari da ke kan hanyar Maradi zuwa Dakoro, ya san aikin da ake yi kafin ruwan farko ya sauka. Ana kwaɓa ƙasa a yaɓe katanga, a hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo, a sake wa rumbu jinka. Babu magidancin da zai ce ai ya biya magini shekara biyar da suka wuce, saboda haka ya gama da ɗaki. Amma da zarar magana ta koma kan shafin intanet na kasuwanci, sai mu mance da wannan ilimi da muka gada. Muna ɗauka ranar da aka buɗe shafi, ranar aka gama aiki.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne abin da ya faru a gidanmu. Ina da ɗan baffa a Kornaka da ke sayen wake da gyaɗa da fatun jar akuya a kasuwannin ƙauye, yana turawa Maradi, wani lokaci har Kano. Ƙaninsa da ke ci-rani a Abidjan ya ga yadda 'yan kasuwar can ke tallata hajarsu, sai ya turo kuɗi aka ba wani matashi ya buɗe wa yayan nasa shafi. An sa hotuna da farashi da lambar waya. An rubuta adireshin a allon shago, an buga shi a jikin buhuna. Kowa ya yi murna, aka yi ta yaɗa shi a zaurukan WhatsApp na dangi.

Bayan kamar shekara ɗaya da rabi, wani abokin cinikinsa ya kira daga Kano yana dariya, ya ce: “Alhaji, ashe ka bar wake ka koma caca?” Da aka buɗe adireshin, babu wake babu fata, sai tallan caca da wani harshe da babu mai iya karantawa a cikinmu. Da muka bi diddigi, muka gano matashin ya yi rajistar sunan shafin ne da imel ɗinsa, ya biya kuɗin shekara ɗaya da katin bankin abokinsa, daga baya ya tafi arewa neman zinariya ya canza lamba. Saƙonnin gargaɗi sun yi ta zuwa akwatin da babu mai buɗewa, har wa'adi ya cika, wani ya saye sunan.

Ban ce matashin ya yi da mugunta ba. Laifin na kowa ne, har da ni da na fi su sanin boko ban tambaya ba. Babu wanda ya gaya wa mai shagon cewa abin da ya ɗauka mallakarsa ne, haya ne.

Shi sunan shafi, wato adireshin da ake rubutawa, ba a sayensa a mallaka har abada. Hayarsa ake yi, daga shekara ɗaya zuwa 10. Wanda ya ƙare da .com yawanci ana biyansa tsakanin dalar Amurka 10 zuwa 20 a shekara. Akwai kuma .ne na Nijar da .ng na Najeriya, kowanne da nasa tsari. Idan wa'adin .com ya cika ba a biya ba, kamfanin rajista kan ɗaga ƙafa na wasu makonni. Daga nan akwai kwana 30 na fansa, inda za ka iya karɓo shi amma da tara mai tsada. Bayan wasu kwana biyar sai a sake shi kasuwa, wanda ya riga ya ɗauka. Kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, zaman jiran sunayen da aka yi sakaci da su.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙauyanci ne na mutanen Kornaka. A watan Disambar 1999, kamfanin Microsoft da kansa ya mance bai biya dala 35 na sabunta sunan passport.com ba, masu amfani da Hotmail suka kasa shiga akwatunansu, sai da wani mutum da ba ma'aikacinsu ba ya biya musu. Bambancin kawai shi ne su sun samu mai ceto.

Haya ta biyu ita ce ta masauki, wato kwamfutar da ke ɗauke da hotuna da rubutun shafin dare da rana. Mafi yawan shafukanmu suna zaune ne a Turai ko Amurka. Ranar 10 ga Maris 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Waɗanda suka ajiye kwafi a wani wuri daban sun dawo cikin kwanaki. Wasu da kwafinsu ke cikin ginin da ya ƙone sun rasa komai. Manomi ba ya zuba irin shuka da hatsin ci duka a rumbu ɗaya, haka ma mai shafi ya kamata ya riƙe kwafi a hannunsa, ko da a katin ajiya ne na waya.

Na uku ita ce shaidar tsaro, wadda ke tabbatar wa mai ziyara cewa abin da ya rubuta ba zai faɗa hannun wani a hanya ba. Ana samunta kyauta daga Let's Encrypt, sai dai wa'adinta gajere ne, kwana 90, kuma idan tsarin da ke sabunta ta da kansa ya tsaya, mai ziyara zai tarar da jan gargaɗi a fuskar wayarsa. Tun watan Yulin 2018 manhajar Chrome ke yi wa shafukan da ba su da wannan shaida tambarin rashin tsaro. Ɗan kasuwar da ke tunanin turo maka kuɗin buhu 50, idan ya ga haka, ba zai kira ya tambaye ka dalili ba. Rufewa zai yi ya nemi wani.

Sannan akwai manhajar da aka gina shafin da ita. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya an gina su ne da WordPress, kuma saboda yawansu masu kutse ke bin su ɗaya bayan ɗaya da na'ura suna neman wanda ba a sabunta ba. Ba sai sun san ka ba, ba sai kana da arziki ba. Ƙofa a buɗe kawai suke nema.

Abin da ya fi saurin lalacewa kuwa ba na'ura ba ce, labarin da ke ciki ne. Farashin wake na kaka ba shi ne na bazara ba. Shafin da ke nuna farashin bara, ko lambar layin da aka daina amfani da shi, ƙarya yake yi da sunan mai shi, ko da mai shi bai sani ba. A kasuwa kuwa, jari na farko amana ce.

Na san abin da wasu za su ce: me mai sayar da wake a Kornaka zai yi da shafi, alhali WhatsApp da Facebook sun ishe shi? Gaskiya ne, kuma da an tambaye ni tun farko, da na ce ɗan baffana ya tsaya a nan tukuna. Yawancin ƙananan 'yan kasuwarmu ba su buƙatar shafi, kuma wanda ba zai iya kula da shi ba, gara kada ya buɗe. Sai dai mu tuna cewa waɗancan ma rumfar aro ce. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A Najeriya an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wanda cinikinsa ya girma har yana neman masu saye a Yamai ko Legas ko Kotonu, yana da dalilin mallakar adireshi nasa na kansa. Sharaɗin shi ne ya zama nasa da gaske.

A nan ne nake kira ga 'yan'uwanmu da ke ci-rani, domin su ne sukan biya kuɗin waɗannan shafuka. Ɗan kasuwa a Kornaka ya saba da Nita da Amana da kuɗin waya, amma kamfanonin rajista na waje katin banki suke karɓa, da dala ko yuro. Mun kuma ga yadda hulɗar bankuna ta yi wuya a lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Idan kai ne mai kati, biya wa ɗan'uwanka shekara uku ko biyar lokaci guda. Ka tabbatar an yi rajistar da sunan mai kasuwancin da imel ɗin da shi ko ɗansa ke buɗewa. A rubuta kalmomin sirri a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardar gona. Kyautar da ba a haɗa ta da kuɗin gyara ba, mun san ƙarshenta, domin mun ga fanfunan da aka yi bikin buɗewa a ƙauyukanmu, yau awaki ke kwana a gindinsu.

Matasa masu gina shafuka kuma, ko kun fito daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ko da waya kuka koya, ku daina sayar da gini kawai kuna tafiya. Ku faɗa wa mutum gaskiya tun ranar farko: ga kuɗin gini, ga kuɗin kowace shekara, ga abin da zan riƙa yi a cikinsa. A rubuta, a sa hannu gaban shaidu. Ku miƙa masa makullansa, kada ku riƙe su don ya dawo yana roƙonku. Wanda ke kula da shafuka 20 a kan yarjejeniyar shekara ya fi wanda ke farautar sabon aiki kowane wata kwanciyar hankali, kuma sunansa ne zai riƙa kawo masa aiki.

Shawarata ga mai shafi ita ce ya ɗaura wannan aiki a kan lokacin da ba ya mantawa. Idan kaka ta yi, kuɗi ya shigo, ya zauna da mai kula masa awa ɗaya. A duba ranar da hayar suna da ta masauki za su ƙare, a biya. A sabunta manhaja, a ɗauki kwafi, a canza kalmar sirri, a gyara farashi da hotuna, a kira lambar da ke shafin a ji ko tana shiga. Ga ƙaramin shafi, duk wannan bai kai kuɗin ragon layya ba.

Ɗan baffana ya yi rajistar wani sabon suna, wannan karon da sunansa, ya kuma biya mai fenti ya goge allon shago. Buhunan da aka buga da tsohon adireshin kuwa har yanzu suna yawo tsakanin kasuwanni, kuma duk wanda ya gwada shi, gidan caca yake kai shi.