Mai rubuta allo ya koma gida: a daina cewa ya karye



A watan da ya wuce wani abokin sana'armu a nan Maraɗi ya sa tsani ya sauke allon shagonsa da ke bakin kwalta, ya loda kayansa a amalanke ya koma zauren gidansu a unguwar Zariya. Shekara goma sha yana rubuta wa mutane alluna, na farmasi, na lekol, na masu ɗinki da masu gyaran salula, yau ga shi ya sauke nasa da hannunsa. Kafin magariba labari ya zagaya majalisu: wane ya karye. Mu da muke cikin wannan sana'a ba mu yarda da wannan magana ba, kuma muna so a ji dalilinmu, don ba shi ne na farko ba, wasunmu ma suna kan hanya.

A fara da lissafi. Shago a bakin hanya yana cin kuɗi ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Akwai haya, wadda mai shago ke so a ba shi ta wata uku ko shida a dunƙule. Akwai takardar wuta, akwai patanti, akwai kuɗin mai gadi da ake haɗawa da maƙwabta, ga abincin rana na yaran shago. Abokin namu ya ce akwai watan da ya zauna ya duba littafinsa, ya tarar duk allunan da ya rubuta haya suka biya, gida ko tiyar hatsi ba ta shiga daga shagon ba. Mutum yana yi wa mai gida aiki ke nan yana kiran kansa patoro.

Kuma ba lalaci ya kawo haka ba. Kowa ya san abin da ƙasar nan ta shiga bayan 26 ga watan Yuli 2023. CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, har zuwa watan Fabrairu 2024 da aka ɗage. Mu kayan aikinmu kusan duka daga Kano suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa: fenti, sitika, bash, har wuƙar injin yanka. A watannin nan wanda yake da inji ya zauna yana kallonsa, wuta babu, kaya sun yi tsada. Bayan haka manyan masu ba mu aiki suka ragu. A zaɓen 2020 da 2021 mun kwana muna buga bandarol da riguna na jam'iyyu, yanzu jam'iyyun an rusa su tun watan Maris 2025. Furoje-furojen da ke kafa allo a bakin kowace rijiya da kowane aji da suka gina, su ma da yawa sun tattara. Abin da ya rage shi ne aikin talaka: allon mai shayi, kashe na ɗan kasuwa, lambar babur, bandarol na walimar saukar Alkur'ani. Wannan aiki yana ciyar da gida, amma ba ya ɗaukar gida da shago tare.

To me shagon yake saye mana da har za a mutu a kansa? Da can, wuri ne da mai wucewa zai gan ka. Yau mu faɗi gaskiya, yawancin aiki ta WhatsApp yake zuwa. Mutum ya turo sunan shagonsa da lambarsa, ka zana a kwamfuta ka tura masa hoto, ya ce a ƙara ja a nan, a gyara harafi a can, ya turo rabin kuɗi. Ranar kafawa kai ne za ka je wurinsa da tsani, ba shi zai zo wurinka ba. Tallarmu ta gaske tana rataye a saman shagunan mutane, a ɗan ƙasan allo inda muke sa suna da lambar waya. Wanda aikinsa ya yi kyau, ko a lungu yake za a neme shi.

Amma ba za mu yi wa kanmu ƙarya ba, komawa gida tana da nata nauyin, kuma a nan ne muke so ƴan uwanmu su tsaya su yi tunani tun kafin a kira mai amalanke.

Gida ba shago ba ne. Akwai yara masu rarrafe, akwai mata, akwai murhu. Fentin mai da ruwan da ake sirka shi da shi suna da wari mai hawa kai, kuma suna kama wuta nan take. A zafin watan Afrilu na Maraɗi, a ajiye galan irin wannan a ɗakin kwano kusa da inda ake girki, wallahi ganganci ne. Mafi muni shi ne ɗabi'ar nan tamu ta zuba shi a robar ruwan sha ko kwalbar lemo. A shago babu yaron da zai ɗauka ya kurɓa, a gida akwai. Duk wanda zai koma gida ya nemi akwati mai kwaɗo kafin ya nemi tebur. Feshi kuma a yi shi a waje inda iska ke kaɗawa, ba a tsakar gida kusa da shanya da randa ba. Aikin walda na ƙafar allo a bar wa masu walda, a kai musu a ɗauko, kada a ce za a ja waya daga ɗaki a yi a ƙofar gida.

Sai maganar mutunci. Baƙo ya zo karɓar aiki, iyakarsa zaure. Wanda gidansa ba shi da zaure, ko yake gidan haya da mutane da yawa, gara ya yi alkawari da masu aiki a waje, ko ya haɗa kai da abokan sana'a biyu su kama ɗan ƙaramin wuri su raba haya. Mun ga inda uwargida ta zama ita ce mai amsa sallamar kowane ɗan kabu-kabu da ya zo neman sitika, har abin ya zama rigima. Maƙwabta ma suna da haƙƙi. Kafin ka fara buga kwano da guduma, ka je ka gaida su ka gaya musu, kuma bayan isha'i a ajiye guduma.

Abin da ya fi damun mu shi ne yaran koyo. Shago makaranta ce. Yawancinmu a gaban wani maigida muka koyi riƙe burushi, muna wanke gwangwani shekara guda kafin a bar mu mu ja layi. Idan kowa ya koma ɗakinsa da kwamfuta, yaran nan su ne na farko da ake sallama. Abokinmu ya riƙe ɗaya cikin ukun da yake da su, sauran biyun ya kai su wurin wani mai babban injin buga bash a kusa da babbar kasuwa, ya roƙa aka karɓe su. Haka ya kamata a yi, ba a ce musu kawai sai an neme ku ba.

Ga ma'aikatar magajin gari da masu karɓar lanho kuma muna da roƙo. Wanda ya rufe shago ya je ya sanar, kada ya ɓace shiru takarda ta ci gaba da taruwa da sunansa, wannan laifinmu ne idan muka yi. Su kuma a nasu ɓangaren su duba cewa mai tebur ɗaya a zaure ba daidai yake da mai shago a bakin kwalta ba, a yanka masa abin da zai iya biya. In aka matsa, zai cire ɗan allon da ke ƙofar gidansa ne kawai ya ci gaba da aiki a ɓoye, asusun gari bai samu ko dala ba.

Mun leƙa wurin abokin namu ranar Juma'a bayan masallaci. Ya sa kanta a bangon zaure, gwangwanayen fenti suna cikin tsohon akwatin ƙarfe a kulle, mabuɗin yana aljihunsa. Yana yanka harufan wata makarantar Islamiyya ta Tibiri. Ya ce wannan watan ya biya bashin mai fentin Kano, saura na mai kwano.