Ɗalibanmu sun iya baki, saura su iya kafa hujja

Duk wanda ya yi karatun sakandare a ƙasar nan ya san yadda muhawarar makaranta take gudana. Ɗalibi zai miƙe ya gyara wuyan riga, ya gai da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci da abokan karawarsa, sannan ya sanar cewa ya fito ne domin ya tabbatar da cewa likita ya fi manomi amfani, ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, ko uwa ta fi uba muhimmanci a gida. Daga nan sai ya kwararo abin da malami ya rubuta masa ya haddace, yana ɗaga murya a wuraren da aka nuna masa, ya rufe da fatan cewa ya gamsar da masu sauraro bai rikita su ba. A yi tafi, a miƙa kofi, kowa ya watse. Batutuwan da iyayenmu suka yi muhawara a kansu su ne 'ya'yanmu suke yi a yau, kusan da kalmomi iri ɗaya.

Ba na raina wannan al'ada. Tana cire wa yaro tsoron taro, tana saba masa da tsayuwa gaban manya ba tare da rawar murya ba. Sai dai abin da take koyarwa iya baki ne. Kafa hujja wani ilimi ne dabam, kuma shi ne ba mu ware wa gurbi ba, a ƙaramar sakandare ko a babba. Ra'ayina shi ne a mayar da shi aikin aji na yau da kullum ga kowane ɗalibi, a rubuce kafin a faɗa da baki, maimakon a bar shi a hannun ƙungiyar muhawara da ke haɗuwa bayan an tashi, wadda 'yan yara ƙalilan masu zaƙin murya suka mamaye.

Mai karatu da ke aiki a Sakatariyar Tarayya ko a ofishin wani ɗan majalisa ya fi kowa sanin inda wannan giɓi yake fitowa fili. Yaron da ya ci kofi jiya shi ne bayan shekara goma sha biyar zai zauna ya tsara takardar da za a gabatar wa Majalisar Zartarwa ta Tarayya, ko ya shirya wa maigidansa bayanin kare kasafin kuɗi a gaban kwamitin Majalisar Dattawa. Sai ka buɗe fayil ka tarar da shafi huɗu na yabon shirin da ake nema wa kuɗi, da manyan kalmomi, amma babu layi ɗaya da ya ce ga abin da shirin ya cim ma bara, ga abin da zai faru in ba a ba da kuɗin ba, ga kuma dalilin da ya sa hanya mafi araha ba za ta yi ba. Ranar zaman kwamiti, tambaya ɗaya tak ke rusa ginin. Tun jami'in nan yana aji biyu aka nuna masa cewa wanda ya fi tsara zance shi ke da gaskiya, kuma da wannan darasin ya girma.

Mu ɗauki batun makarantar kwana, tunda kowa ya san shi. Ɗalibi ya ce ta fi ta jeka-ka-dawo. Wannan da'awa ce. A nemi dalili, sai ya ce ɗaliban kwalejojin gwamnatin tarayya sun fi na makarantar unguwarsu cin jarrabawar kammala sakandare. A nan aka saba tsayawa a tafa masa. Malamin da ke koyar da hujja kuwa a nan aikinsa yake farawa. Zai tambaye shi inda ya samo wannan magana, sakamakon wace shekara ce, makarantu nawa ya kwatanta. A ƙaddara ya kawo takarda ta gaskata shi. Saura tambaya mafi wuya: mene ne ya nuna cewa kwanan ne ya kawo cin jarrabawar? Ana shiga waɗannan kwalejoji ne ta jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa, wato tun a ƙofa an riga an tace yaran. Iyayen da suka iya biyan kuɗin kwana da abinci, galibi su ne suke iya sayen littattafai da ɗaukar malamin darasin gida a lokacin hutu. To kwana ne ya yi aikin, ko tacewa, ko aljihun uba? In ana son sani, sai a nemi makarantar da ke da 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo a aji ɗaya, a kwatanta waɗanda suka shigo da maki kusan iri ɗaya.

Yaron da aka bi da shi ta wannan hanya bai sha kaye ba. Zai koma ya rage faɗin da'awarsa, ya ce wataƙila kwana ya fi amfanar ɗalibin da gidansu babu wuta da dare, ko ɗalibar da aikin gida ke cinye mata lokacin karatu. Wannan ƙaramar magana ta fi ta farko ƙarfi, domin yana iya kare ta. Ya kuma gane bambanci tsakanin abu biyu su zo tare da ɗaya ya haifar da ɗayan, wanda shi ne kuskuren da ke cika rahotannin ƙarshen shekara, inda kowane ci gaba da ya biyo bayan ƙaddamar da shiri ake jingina shi ga shirin.

Masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya fayyace sassan hujja a littafin da ya wallafa a 1958: da'awa, da shaidar da ta dogara a kai, da igiyar da ta ɗaure su biyun, da abin da ke ƙarfafa igiyar, da iyakar da'awar, da yanayin da zai iya warware ta. Ana amfani da tsarinsa sosai a azuzuwan koyon rubutu a Amurka. Ɗan aji ɗaya ba ya bukatar duk wannan. Tambaya uku sun ishe shi: me kake cewa, me ya nuna haka, wanda bai yarda ba me zai ce?

Kada a ɗauka wannan ilimi baƙo ne da sai an yo mana aronsa. Wanda ya yi karatun zaure ya san littafin Ahalari na tsarki da salla. Mawallafinsa, Abdurrahman al-Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne kuma ya rubuta Sullam, waƙen koyar da manɗiƙi, yana ɗan shekara 21, kuma malaman Afirka ta Yamma sun daɗe suna karantar da shi. Misalin da ya fi burge ni kuwa shi ne wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi na Borno da shugabannin jihadi na Sakkwato. El-Kanemi ya nemi a faɗa masa hujjar yaƙar Borno, yana mai cewa laifuffukan da ake zargin mutanenta da su saɓo ne da ake samu a sauran ƙasashen Musulmi, ba su kai ga fitar da mutum daga addini ba. Muhammadu Bello ya mayar da martani, amma abin lura shi ne da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, sai ya kawo wasiƙar abokin jayayyarsa a cikin littafin kafin amsarsa. Ta hannun Bello ne jama'a da dama suka san hujjojin El-Kanemi. Mutanen da ke tsakiyar yaƙi ke nan. Yau a tsakanin masu magana da yawun hukumomi da masu sukarsu, da wuya ka ga wanda zai iya faɗin matsayin ɗayan ɓangaren yadda mai shi zai ji ya ce, i, haka nake nufi.

Akwai iyaye da malaman da ke tsoron cewa koya wa yaro jayayya zai buɗe masa ido ya fara mayar wa manya magana. Tsoron ba na banza ba ne, domin kunya da girmama na gaba ginshiƙai ne a tarbiyyarmu, kuma mun ga irin fitsarar da ke yawo a kafafen sada zumunta. Amma a duba da kyau: mai zagi a Facebook ya koma ga zagi ne saboda hujja ta ƙare masa, ko kuma bai taɓa samunta ba. Ƙa'idar farko a ajin hujja ita ce a taɓa magana, a bar mai magana. Ta biyu ita ce ka saurari abokin karawarka har ya dire, ka maimaita abin da ya ce ya amince ka fahimce shi, kafin ka amsa. Yaron da ya saba da wannan zai san yadda zai ce wa malaminsa, ranka ya daɗe, a gafarce ni, ga abin da na gani a littafi. Ofisoshinmu ma suna bukatar irin wannan ƙaramin ma'aikacin, wanda zai iya rubuta wa darakta cikin ladabi cewa lissafin bai daidaita ba, kafin mai binciken kuɗi ya gano.

Me ya hana? Malami yana koyar da abin da jarrabawa ke saka wa maki. A takardar insha'in Turanci ta WAEC, ɗalibi yana zaɓar tambaya ɗaya ya rubuta kalmomi kimanin 450. Maki 50 ne: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na salon bayani, 10 na ƙa'idojin rubutu. Ba laifin hukumar ba ne, tunda harshe take gwadawa. Amma sakamakon shi ne ɗalibi mai kyakkyawan Turanci zai iya rubuta magana marar tushe ya fita da maki mai tsoka, kuma wanda ke tsoron tambayar muhawara zai iya kauce mata ya zaɓi wasiƙa ko labari. Haka yaro zai shafe shekara shida a sakandare ba a taɓa tilasta masa ya kare wata da'awa da shaida ba.

Ba na kira a ƙara sabon darasi a jadawalin da ya riga ya cika. Gurbin yana cikin darussan da ake da su. Malamin tarihi zai iya kawo bayanai biyu masu saɓani a kan abu ɗaya ya ce a auna su. Malamin tattalin arziki yana da batu a ƙofar gida: a Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A raba aji, a tura wasu kasuwa su rubuto farashin mudun shinkafa da masara da kwalbar mai, wasu su lissafo kuɗin mota daga Nyanya ko Kubwa zuwa cikin gari na wata guda, wasu su binciko abin da mai ƙaramar masana'anta zai ce in aka ninka masa kuɗin ma'aikata. Kowa ya rubuta shafi ɗaya. Mako mai zuwa a juya, wanda ya ce kuɗin sun isa ya kare cewa ba su isa ba. Wannan juyawar ita ce zuciyar horon, domin a nan yaro yake gano cewa ɗayan ɓangaren ma ba mahaukata ba ne. A gasar muhawara ta makarantun duniya, wadda aka fara a 1988, akwai zagayen da ake bai wa ɗalibai batu saura sa'a ɗaya a fara, su shirya su kaɗai babu malami. Irin wannan ba ya haddatuwa.

Cunkoso matsala ce ta gaske. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi ɗalibai 40 ga malami a babbar sakandare, alhali azuzuwa da yawa na gwamnati sun ninka haka, kuma babu malamin da zai duba insha'i tamanin duk mako. Sai dai ba lallai ne shi ya duba duka ba. Ɗalibai su yi musayar takardu, kowa ya ja layi a ƙarƙashin da'awar ɗan'uwansa, ya zagaye shaidarsa, in bai ga shaida ba ya rubuta tambaya a gefe. Malami ya ɗauki biyar ya warware su a allo. Kuma a bar yara su yi da Hausa, ko Yarbanci, ko Ibo, a darasin harshensu. Ɗalibin da ke fama da nahawun Turanci, rabin hankalinsa yana kan tsoron kuskure. In ya iya gina hujja da harshen da yake tunani da shi, ɗaukar ta zuwa Turanci ƙaramin aiki ne.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce ofis. A Agustan 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, saƙon waya ya sa dubban mutane, har da masu digiri, suka tashi da asuba suna wanka da ruwan gishiri suna sha, wasu suka ƙare a asibiti. A 2016 shirin MMM ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ma'aikata da 'yan kasuwa suka zuba kuɗi, a Disamba aka rufe asusun. A duka biyun tambayar ɗan aji ɗaya ce ta yi ƙaranci: me ya nuna haka, ribar daga ina take fitowa? Ɗalibin ajin ƙarshe mai shekara 17, baɗi zai iya jefa ƙuri'a, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2018 zai iya tsayawa takarar Majalisar Wakilai yana da shekara 25.

Makullan suna Abuja, wasu ma a kan teburin masu karanta wannan shafi. Hukumar NERDC da ke Sheda ce ke tsara manhaja. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ce ke gindaya abin da za a koya wa malaman gobe, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna kuma tana sake horar da waɗanda ke bakin aiki. Kwalejojin gwamnatin tarayya, su sama da ɗari, kai tsaye suke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, ba sai an jira amincewar wata jiha ba kafin a gwada sabon abu a cikinsu. Takardar umarni guda za ta iya cewa daga zango mai zuwa kowane ɗalibi zai rubuta hujja mai shafi ɗaya sau biyu a zango, a darussa biyu mabambanta, kuma a gasar muhawara ta tsakanin kwalejoji a daina sanar da ɓangaren da makaranta za ta kare sai ranar. Jami'an duba makarantu in sun je, bayan rajista da tsarin darasi, su nemi a kawo musu waɗannan takardun su karanta goma.