Hirar 'yan aji ɗaya rabin labarin unguwa ce

Duk garin da aka buɗe makarantar boko a ƙasar Arewa ta Nijar shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce, yau yana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, mai rajista ko marar rajista, kuma yawanci WhatsApp ne zaurenta. Daga Matankari zuwa Dumega, daga Tibiri zuwa Sukukutane, hirar kusan iri ɗaya ce. A tuna mushe wane da bulalarsa, a tuna langa da kokowar dandali a farin wata, da tsinkar magarya da aduwa a hanyar lakwal. Dattijo mai furfura ya kira ɗan'uwansa Alhaji da sunan tsokanar da jikokinsa ba su taɓa ji ba, a kwashe da dariya, sannan a lissafa waɗanda suka rasu bara a yi musu addu'a, a koka da ciwon gwiwa da hawan jini. Wannan duk zumunci ne, Allah Ya ba da lada. Inda nake da ja shi ne inda hirar take sauka kusan kullum, wato a yanke hukunci cewa a da gari gari ne, makaranta makaranta ce, yaran yanzu kuwa sun lalace. Hukunci ne da aka gina kan shaidar mutane ƙalilan, kuma da yake waɗannan ƙalilan ɗin su ne masu faɗa a ji a garuruwansu, kuskurensu ba ya tsayawa a baki.

A fara duba su wane ne masu ba da shaidar. Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba. Har zuwa shekara ta 2000 abin bai wuce kusan ɗaya cikin uku ba. A ƙauyuka da yawa ta hannun maigari ake ɗibar yara, ba da son ran iyaye ba, kuma sananne ne cewa akwai gidajen da suka ɓoye 'ya'yansu ko suka tura su wurin dangi har ɗiba ta wuce. 'Yan mata kuwa sai ɗaiɗai. Cikin waɗanda suka shiga, da yawa sun zube tun a ajin farko, domin ranar da yaro ya taka aji ranar ake fara masa magana da Faransanci, in bakinsa ya kuɓuce da Hausa a rataya masa sambol a wuya ya sha duka da yamma. Tsofaffin ɗalibai suna ba da labarin sambol suna dariya, amma masu dariyar su ne waɗanda suka jure masa. Wanda ya kore ya koma kiwon awaki, ba ya cikin ƙungiyar. Bayan wannan ga jarrabawar shiga kolej, wadda ta sake zubar da mafi yawa. Wanda ya tsallake duka ya kai Dogondutsi, ya kai lise, ya samu ofis a Yamai, shi ne yau yake bayyana yadda unguwa take a da. Abin da yake tunawa gaskiya ne. Sai dai ƙuruciyar ɗan gata yake tunawa, ko da kuwa a lokacin ba shi da takalmi.

Akwai kuma waɗanda ba su rayu ba balle su ba da labari. Binciken lafiya na ƙasa na 1992 ya nuna cewa cikin yara dubu da aka haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara biyar. Binciken 2012 ya samu 127. Ma'ana, a zamanin da ake kira na albarka, kusan kowace uwa a unguwar ta binne ɗa, wata biyu, wata uku, da ƙyanda da zazzaɓi da gudawa. Sanƙarau na zuwa da bazara ya yi ɗiba. Kurkunu, wanda yakan kwantar da manomi daidai lokacin noma, sai a 2013 aka tabbatar da Nijar ta rabu da shi. Yaron da ke CM2, ajin ƙarshe na firamare, a 1974 ya ga yunwar da ta yi sanadin faɗuwar gwamnatin Diori Hamani, ƙanensa kuma ya ga ta 1984, wadda mutane suka laƙaba wa El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da gwamnatin Buhari ta yi. A waɗannan shekaru mata sun shiga daji sun tsinko 'ya'yan anza, sun ɓare, sun jiƙa a ruwa kwana da kwanaki suna zubarwa suna sakewa har ɗacin ya ragu, sannan su dafa a ba yara. Yaro yana tuna cewa ya ci ya ƙoshi ya fita wasa. Uwar da ta yi jiƙon ita ta san abin da shekarar take, kuma ba a taɓa sa ta cikin hirar ba.

Ba na cewa ba a yi asarar komai ba. Dajin da ke bayan gari, inda ake farautar zomo da ɗibar itace, ya zama gonaki. Saurar da ake bari ta huta shekaru ta ƙare, gonar da mutum ɗaya ya noma yau jikoki goma ke rabonta, kuma da an gama girbi samari sun tafi biɗa Nijeriya ko Kwatano ko Abijan ko Libiya, dandali ya zama kufai har damina. Amma dalilin a fili yake. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da 'yan kai a ƙasar, ta 2012 ta samu miliyan 17, yau an haura miliyan 25, ƙasar noma kuwa ba ta haihu ba. Saurayin da ya bar Sukukutane da rani bai fi ubansa rashin son gida ba, hatsin gonar ne ba ya kai shi watan shida. Ko gayyar da ake yabo, wadda ta share tituna ta gina azuzuwa a zamanin Seyni Kountché, a tuna cewa samariya ce gwamnatin soja ta tsara ta, kuma ba kowa ne ya fita don ra'ayin kansa ba.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce ta karatu. Za a ce ɗan CM2 na da yana rubuta wa dukan unguwa wasiƙa, na yanzu kuwa sunansa ma da ƙyar. Wannan ba sharri ba ne. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa yaran da ke kammala firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma jarrabawar da aka yi wa malaman kwantaragi a 2017 kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu makin tsira. To amma a kwatanta abin da aka ba kowanne. Ɗalibin ƙarshen shekarun 1970 ya zo daidai da kuɗin yuraniyom na Arlit, gwamnati mai 'yan makaranta kaɗan tana ba shi littafi da alli kyauta, tana ba shi alawus a kolej, malaminsa ma'aikaci ne mai horo da albashi, kuma aiki na jiransa ranar da ya gama. Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da IMF ya shigo, shekarun 1990 suka zo da yajin aiki da bashin albashi da shekarun karatu da aka soke, aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sannan daga 1998 aka fara cika azuzuwa da malaman sa-kai masu ƙaramin albashi. Ba yaran yau ne suka sa hannu a waɗannan takardu ba. In za a bi diddigi, waɗanda ke zaune a ofisoshin ma'aikatu a wancan lokaci sa'o'in masu hirar ne, wasu ma suna cikin zauren. Ban ce suna da wata mafita mai sauƙi ba, amma wanda aka yi abu a gabansa ya kamata ya sassauta harshe.

A dubi ajin da ɗan ƙauye yake shiga yau. Gwamnati da kanta ta ce azuzuwan zana a ƙasar sun kai 36,000. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, amma ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, iyaye sun saƙa sun kafa. Yara na zaune a ƙasa kan buhu, allo jingine da itace, iskar hunturu na shigowa da ƙura ta kowace kafa, akuya na cin bangon. Hadarin farko na watan Mayu ko Yuni ya kwashe rumfar, shekara ta ƙare. A 2021 gobara ta kama irin waɗannan azuzuwa a Yamai a watan Afrilu, ta sake kamawa a Maraɗi a watan Nuwamba, yara fiye da arba'in suka mutu a biyun. Yarinyar da ta iya karanta shafi guda a wannan hali ta yi abin da ba a taɓa nema daga da yawa cikin masu takardun ba, kuma a zamaninsu da ba ta ma ga ƙofar ajin ba.

Wani zai ce ai hira ce kawai, tsofaffi ne ke rage dare, me ya yi zafi? Abin da ya yi zafi shi ne hirar ce ke tsara inda kuɗin ƙungiya zai tafi. Wanda ya yarda cewa matsalar lalacin yara ce, maganinsa shi ne ya zo ƙarshen shekara da manyan motoci, a kafa rumfa, a yi jawabi, a ba na ɗaya da na biyu da na uku jaka da keke, a shafa wa tsohon ajin da ya zauna fenti. Wato a sake tankaɗe da irin rariyar da ta fitar da shi, a tattara gari a watsar da tsaki. Alhali abin da ke fitar da yara daga makaranta a ƙauyukan Arewa ƙananan abubuwa ne marasa daɗin ɗaukar hoto. Yaro ya kai ajin jarrabawa ba shi da takardar haihuwa. Yarinya ta samu kolej a wani gari, babu amintaccen mai masauki, uba ya ga gara aure, duk da dokar da gwamnati ta fitar a Disamban 2017 ta kare karatun 'ya mace har shekara 16. An turo malami, babu ɗakin da zai kwana, ya yi wata biyu ya nemi canji. Kwamitin iyaye na kula da makaranta yana nan a takarda, babu mai iya karanta masa lissafi. Duk waɗannan, tsohon sufeto ko tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma wayarsa ɗaya ta fi takardar maigari goma. Mutanen garin Orsay na Faransa sun yi shekaru suna aiki da Dogondutsi kan ruwa da lambuna da makarantu. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da tsamin dangantaka da Faransa, irin wannan taimako daga waje ya ƙara wuya, saura 'yan gida.

Akwai uzuri na gaskiya, kuma ban raina shi ba. Mai ciwon suga ko ciwon ƙoda ba zai bar Yamai ya tare inda babban asibiti ke da nisan tafiyar yini ba. Kuɗin fansho ba wani abin kirki ba ne, ga 'ya'ya masu digiri zaune a gida. Arewacin gundumar Dogondutsi kuma, wajen da ya yi iyaka da Tilaberi da Tawa, ba ya cikin kwanciyar hankalin da aka san shi da shi, kuma tsohon ma'aikacin gwamnati yana da dalilin yin taka-tsantsan. Don haka ba cewa nake kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma ƙauye ba. Abin da nake nema ya fi wannan araha: a faɗaɗa zauren. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi da Faransanci ake rubutu a cikinsu, abin da ya isa ya rufe ƙofa ga sa'o'insu da aka yi kaciya tare, aka yi kiwo tare, amma ba a ɗebe su lakwal ba, alhali tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Saƙon murya ba ya bukatar boko. Manomin da bai taɓa barin garin ba shi ya san shekarar da rijiyar unguwa ta ƙafe da wanda ya sayar da gonarsa don ya ciyar da gida, kuma matar da aka aurar tana 'yar shekara 14 ranar da sa'anta ya tafi kolej tana da nata bayanin kan albarkar wancan zamani.

Ƙasar Arewa ta riga ta ga yadda ake yi in 'yan gida suka bar wa wasu riƙon labarinsu. Mai son karanta tarihin Lugu da Bagaji da Matankari, ko yadda Sarauniya ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet a watan Afrilun 1899, yawanci sai ya bi ta littafin Marc-Henri Piault na 1970 ko ƙagaggen labarin Abdoulaye Mamani na 1980, duka da Faransanci; bincike mafi shahara kan borin Dogondutsi kuwa, na Adeline Masquelier, da Turanci ya fito a 2001. Tarihin shekarun 1970 da 1980 na ƙauyukan nan, na yunwa da ɗibar makaranta da samariya da farkon tafiya biɗa, har yanzu yana bakin masu rai, kuma kowace ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana da malamai masu ritaya da wayoyi masu ɗaukar murya. Su fara da tsofaffin matan unguwa, domin su ne suka fi tsufa kuma su ne ba a taɓa tambaya ba.