Kin kai yara ƙauye hutu, sai ki kulle su a ɗaki?



Hutun ƙarshen shekara ya matso, na kuma san da yawa daga cikinku sun fara haɗa jaka za a kai yara gaishe da kakanni. Tambayata ita ce, idan kun isa me yaran za su yi? Na yi tambayar ne saboda na san abin da ni kaina na yi shekara biyu a jere. Garin maigidana Nasarawan Doya ne, a ƙaramar hukumar Makarfi. Muna sauka sai in shimfiɗa wa yara tabarma a ɗakin Hajiya, in miƙa musu wayata, in kafa doka: ba mai fita. Ƙura, kunama, rana, yaran gari da ban san tarbiyyarsu ba. Aikin asibiti ya sa ina hango ciwo a ko'ina. Haka za mu yi kwana biyar mu koma Zariya, yaran ba su san komai na garin ubansu ba sai wurin da ake cajin waya.

Bara Hajiya ta gaji. Ta ce min, "Ke 'yar nan, jikokina kika kawo min ko marasa lafiya? Ubansu a fadamar nan ya girma, ga shi nan da ransa." Na yi shiru, domin abin da ta faɗa shi nake faɗa wa iyaye a wurin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya yana kallon waya ko talabijin. Likitocin ido ma sun gano cewa hasken waje yana kare yara daga matsalar rashin ganin nesa, har ƙasar Taiwan ta umarci makarantunta tun 2010 su riƙa fitar da yara waje awa biyu a rana. Na san duk wannan, amma nawa yaran suna ɗaki.

Washegari da hantsi ƙanen maigidana ya ja mu zuwa inda ake mazarƙwaila. Wannan yankin na Makarfi da Kudan da Ikara ƙasar rake ce, duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ya ga lodinsa a motoci. Amma ganin lodi daban, ganin yadda ake sarrafa shi daban. Inji na matse raken, ruwan na zuba kore-kore, ana juye shi a manyan kasake a kan wuta, ana kwashe kumfar da ke tasowa, ana hura wutar da busasshen ɓawon raken da aka riga aka matse. Sai ruwan ya yi kauri ya koma ja, a zuba a ƙananan mazubai ya daskare. Wani dattijo a wurin ya gaya wa yaran cewa a zamanin ƙuruciyarsa doki ne yake zagayawa yana juya injin. Babban ɗana, wanda a gida sai na yi faɗa kafin ya ɗaga kai daga waya, ya tsaya kusan awa guda yana jero tambayoyi. Da ya koma makaranta aka zo darasin yadda ruwa ke zama tururi, shi ya ba ajin labarin kaskon mazarƙwaila. Abu ɗaya kawai: ki riƙe hannun ƙananan sosai, don ruwan rake mai tafasa yana manne wa fata, ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi muni.

Daga nan kullum da inda za mu. Mun je fadama mun ga yadda ake ba tumatir da albasa ruwa a kwami. Mun je wurin sussuka, auta ta dawo da ƙaiƙayi a wuya tana kuka tana dariya. Yaran gari sun koya musu yin mota da karan dawa, da langa, da bambanta magarya da kanya da aduwa. 'Yata ta yi mamakin cewa kukar da take sha a miya ganyen wannan ƙatuwar bishiyar ce. Ranar Laraba muka shiga kasuwar Makarfi. A bana ina so mu ƙarasa Kudan su ga gonakin inabi, don har yanzu ɗana yana musu cewa inabi daga ƙasar waje kawai yake zuwa.

A Faransa, tun 1947 suke shata hanyoyin ƙafa tsakanin ƙauyuka, suna shafa fenti fari da ja a jikin dutse da bishiya don kada mai yawo ya ɓata. Suna ma da ƙungiyar ƙauyuka mafiya kyau da aka kafa a 1982. Mutum zai bar Faris ya biya kuɗin masauki don kawai ya ga ana tatsar saniya, ya ci abincin ƙauye, ya taka gona. Mu kuwa muna da shi kyauta, ga kaka da za ta dama fura, amma sai mu ce wa yaro "kar ka fita ka yi datti."

Sai dai akwai wuri ɗaya da ban sassauta ba, kuma ina roƙonki kada ki sassauta: ruwan kududdufi, da dam, da rafin da ba ya gudu sosai. Yaran gari za su ja naki zuwa wanka, shi kuma zai ji kunyar ƙi. Haɗari na farko nutsewa ne, yaron birni bai san zurfin ramin da aka haƙi ƙasar gini ba. Na biyu shi ne tsargiya. Mutane da yawa suna zaton shan ruwan ne yake kawo ta. Ba sai an sha ba. Wasu ƙananan katantanwa da ke cikin ruwan ne suke sakin tsutsotsin da ido ba ya gani, su huda fata su shiga jiki yayin wanka ko wanki, ko da tsoma ƙafa ne kawai. Ba a ganin komai a lokacin. Sai bayan wata biyu ko uku, kun daɗe da komawa gida kin manta da zancen ƙauye, yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Sau da yawa ba zai gaya miki ba, musamman idan abokai sun ce masa alamar girma ce. Ba alamar girma ba ce, ƙwan tsutsa ne yake yi wa mafitsara rauni. Idan aka bar ta shekaru tana jawo ƙarancin jini, tana taɓa ƙoda, a 'ya mace kuma tana iya shafar al'aura da mahaifa. Maganinta Praziquantel ne, ana auna shi da nauyi ko tsayin yaro, shi ne wanda ake rabawa a makarantun firamare wasu lokuta. Kada ki saya a kemis ki ƙiyasta da ido. Ki kai shi a gwada fitsarin, ki kuma gaya wa ma'aikacin lafiya cewa yaron ya shiga ruwa a ƙauye. Idan ruwan rafi ne kaɗai ake da shi na wanka a gidan, a dafa shi, ko a ɗebo a ajiye kwana biyu kafin a yi amfani da shi, tsutsar ba ta rayuwa haka.

Maganar maciji kuma, lokacin girbi da kwashe kara ne aka fi haɗuwa da shi. Takalmi mai rufe ƙafa, ba silifas ba, kuma a hana yara zura hannu a rami ko ƙarƙashin tarin kara. Idan tsautsayi ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko abin hannu, a hana ƙafar ko hannun motsi, a ɗauki yaron a nufi babban asibiti. Tun ranar da kuka sauka ki tambayi wane asibiti ne mafi kusa da yake da allurar dafin maciji, da wanda yake da mota ko babur a gidan.

A jakata ina saka man kaɗe saboda faso, rigar sanyi don safiyar hunturu, gorar ruwa ga kowane yaro, da 'yan ƙullin ORS. Idan ya ƙare, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai asma kuma kada inhelarsa ta bar aljihunki, hazo da ƙurar sussuka ba sa yi masa daɗi.

Na san wata za ta ce, ina maganar tsaro? Gaskiyarki. Ni ma ba na barin su su yi nisa da gari, ba a fita sai da babban da ya san wurin, kuma kafin la'asar kowa ya dawo gida. Mutanen garin sun fi mu sanin inda ake zuwa da inda aka daina zuwa, su za ki tambaya, ba 'yan WhatsApp ba. Idan suka ce bana a haƙura da wani wuri, a haƙura.

Ranar da za mu taho, Hajiya ta ƙulla wa kowane yaro mazarƙwaila biyu a leda. Auta ta cinye nata tun kafin mu hau kwalta, babban kuwa ya ɓoye ɗaya a jakar makaranta wai zai nuna wa malaminsu. Sai da tururuwa suka cika jakar na gano.

Ke wane gari za ki kai naki a wannan hutun, kuma me ake yi a can da yaranki ba su taɓa gani ba? Ki rubuto mana a ƙasa, wataƙila wata uwar tana kusa da garin naku ba ta sani ba.