Mantuwa Bayan Harin 'Yan Bindiga: Abin Da Ya Kamata Iyalai Su Sani

A shekarar 1942 aka saki wani fim a Amurka mai suna Random Harvest. Labarin wani sojan Ingila ne da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ko sunansa bai sani ba. Ya yi aure ya fara sabuwar rayuwa, sai wata rana mota ta buge shi. Nan take ya tuna asalinsa, ya kuma manta matar da ya aura. Har yau haka finafinai da yawa ke nuna mantuwa, har da na Indiya: bugu ɗaya ya kawo ta, bugu ɗaya ya kore ta.

Larurar da aka gina fim ɗin a kanta gaskiya ce. A 1915 wani likitan Ingila, Charles Myers, ya yi rubutu kan sojojin da suka gigice suka shiga mantuwa bayan bam ya fashe kusa da su. Da farko an ɗauka girgizar bam ce ke taɓa ƙwaƙwalwa, daga baya aka ga har waɗanda bam bai kusance su ba suna kamuwa. A 1980 aka ba ta sunan da likitoci ke taƙaitawa da PTSD, wato ɗimuwa bayan mummunan tashin hankali.

Mai karatu, idan kana Matazu ko kewayenta, ba sai ka je filin yaƙi za ka ga wannan ba. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi. A shekarar ce kuma ƙananan hukumomi da dama na Katsina suka yi sulhu da 'yan bindiga. Ko sulhun ya ɗore, wanda aka sako daga daji yana dawowa gida da abin da ya gani. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Da wuya ka ga wanda ya manta sunansa da danginsa kamar a fim. Abin da aka fi gani iri uku ne. Na farko giɓi: ya tuna shigowar baburan, ya tuna isa daji, tsakani kuwa babu. Na biyu tunanin da ya ƙi tafiya: ƙarar babur ta sa shi zabura, mafarki ya tashe shi cikin gumi, ya ƙi bin hanyar gona. Na uku mantuwar yau da kullum: mace ta bar tukunya a wuta, ɗalibi ya kasa riƙe karatu, domin ƙwaƙwalwar da ba ta samun barci, kullum tana cikin shirin gudu, ba ta iya adana sabon abu.

A nan iyalai ke kuskure. Kada ku tsare shi da tambaya sai ya ba 'yan jaje labari; ku bari ya faɗa lokacin da ya shirya. Kada ku ce rashin tawakkali ne. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Kada kuma ku sayo masa diazepam ko tramadol a kemis. Ba sa warkar da larurar, suna kama jiki, diazepam ma ƙara mantuwar yake yi.

Ku kai shi asibiti a ranar idan an buge shi a ka, ko da da gindin bindiga ne, sannan ya fara amai, barci mai nauyi, jijjiga ko mutuwar ɓarin jiki. Wannan na iya zama jini a cikin kai. Haka ma idan yana maganar kashe kansa. Kada a bar shi shi kaɗai.

Mutane da yawa suna samun sauƙi cikin makonnin farko idan suna tare da dangi, suna barci, sun koma ƙananan ayyukansu. Idan alamun suka wuce wata ɗaya, ku ga likita a babban asibiti mafi kusa, kamar na Malumfashi ko Funtua. Daga nan ana iya tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Jigon maganin shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi irin su sertraline, waɗanda kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. Sauƙin a hankali yake zuwa, don haka kada ku yanke zuwa asibiti da zarar ya fara samun barci.